Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Ake Lissafin Ƙasar da Za Ta Cika Fangali



Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai sa a littafin bana, mu ba mu daɗe muna shawara ba. Muka ce kan fangalin da ke bayan ajinmu za mu rubuta. Fangalin nan ya ci mana kuɗi, ya ci mana rani guda cur, daga baya kuma ya koya mana wani lissafi da muke ganin kowane gida a Parakou da Djougou zai amfana da shi. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya iya "sau" ya iya shi.

Abin da ya same mu bara

Bayan ajinmu fili ne mai tsakuwa, ga ɓaraguzan gini, in ka sa fartanya ba ta nitsewa. Shi ya sa muka yanke shawarar gina fangali mai bango, mu zuba masa ƙasa mai kyau daga waje. Muka yi karo-karo na wata biyu, wani ya rage kuɗin koko, wata ta rage na ƙosai. Mahaifin ɗaya daga cikinmu magini ne, ya jera mana bulo layi biyu kyauta. Saura ƙasa.

Muka je wurin mai sayar da ƙasa, ya nuna mana wani tsibi. Muka zagaya shi, muka dubi juna, kowa ya ce ai wannan har ragowa za a yi. Muka biya duk abin da ke hannunmu. Da aka kwashe tsibin, baro 10 ya bayar. Muka baje a fangali, sai ga ƙasa ko ƙarshen bulon farko ba ta kai ba. Da muka yi ban ruwa kwana uku, ta ƙara lotsawa. Kuɗi ya ƙare, watan Nuwamba ya kama, lokacin shuka na wucewa. Muka ce a shuka haka nan.

Salak ya ɗan yi. Karoti kuwa, da saiwarsa ta tarar da tsakuwa sai ta lanƙwashe, abin da muka cire bai wuce babban yatsa ba. Tumatir ya yi fure, amma da zafin Maris ya shigo, ko mun yi ban ruwa da asuba, kafin azahar ya yi yaushi. Ƙasar ba ta da kaurin da za ta riƙe ruwa. Ko kuɗin iri ba mu mayar ba.

Wani tsoho mai lambu a unguwarmu ta Zongo ya leƙo ya gani. Ya ce, "Ku yara, wa ya auna muku ƙasar ga?" Muka ce, "Baba, da ido muka duba." Ya yi dariya ya ce ai ido ba mudu ba ne. Muka ce amma an ce ya san kima. Ya ce idon da ya shekara talatin a lambu shi ya san kima, namu tukuna. Daga nan muka kai maganar wurin malaminmu na hisabi, abin da ke tafe kuwa shi ne abin da muka koya.

Me ya sa ake ɗaga fangali?

A nan Borgu da Donga, ƙasarmu ta tudu ja ce mai tsakuwa, kuma a wurare da yawa in ka yi ɗan haƙa sai ka tarar da marmara. A cikin gari kuma, filin da ya rage a gidaje sau da yawa an yi masa daɓen siminti, ko an cike shi da ɓaraguzai. Ga damina mai ƙarfi, musamman a Agusta da Satumba, wadda kan sa ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Fangali mai bango na maganin duka ukun: kai ka zaɓi ƙasarka, kai ka zaɓi zurfinta, kuma ruwan da ya yi yawa ya tsiyaye ta ƙasa.

Sai dai ƙasar da za a zuba ba daga sama take faɗowa ba. Ko a saya, ko a ɗauko a ka, ko a turo a baro. In ta gaza, shuka ta wahala. In ta yi yawa, an yi asarar kuɗi da ƙarfi, ga tsibi ya tare ƙofar gida. Shi ya sa ake lissafi kafin a kira mai kaya.

Awo uku

Abu uku kawai ake aunawa: tsawo, faɗi, da zurfi. Amma kowanne da tarkonsa.

Na farko, a auna daga ciki, ba daga waje ba. Bulon da magina suka fi amfani da shi a nan tsawonsa santimita 40, tsayinsa 20, kaurinsa 15. Fangalinmu daga waje tsawonsa mita 4 da santimita 30, faɗinsa mita 1 da santimita 30. In aka cire kaurin bango na gefe biyu, wato 15 da 15, ciki ya zama mita 4 cif a tsawo, mita 1 a faɗi. Wani zai ce ɗan santimita 30 me zai yi? To, mun lissafa: da awon waje muka bi, da mun sayo rarar ƙasa lita 477, kusan baro 8 ke nan a banza.

Na biyu, zurfi ba shi ne tsayin bango ba. Bangonmu bulo biyu ne, santimita 40. Amma ba a cika fangali har baki. Ana barin wurin shimfiɗa busasshiyar ciyawa, da wurin da ruwa zai tsaya ba tare da ya kwashe ƙasa ya yi waje da ita ba. Mu mun bar santimita 10, zurfin ƙasarmu ya zama 30.

Zurfin kuma ya danganta da abin da za a shuka. Salak, alayyafo, lalo da albasa, santimita 15 zuwa 20 ya ishe su. Karoti, kabeji da barkono suna son 25 zuwa 30. Tumatir, kuɓewa da gauta, 30 zuwa 40. In ƙarƙashin fangalin ƙasa ce mai laushi, a kafce ta kafin a zuba sabuwa, saiwa za ta ci gaba da nitsewa, ka ga an rage abin saye. In kuwa siminti ne ko marmara, duk zurfin da shuka ke so sai ka kawo mata shi da hannunka, kuma ka bar ƙananan kafofi a gindin bango don ruwa ya fita.

Na uku, da me za a auna? Mun fara gwadawa da kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Kamun ƙaraminmu santimita 36, na malam 48. Kowa ya auna fangalin, kowa ya kawo tasa amsar. Sai wata 'yar ajinmu ta aro tef ɗin awo wurin yayarta mai ɗinki, mai santimita 150. Shi ya raba gardama. Wanda ba shi da tef ya yanki kara ko igiya, ya kai wa tela ya auna masa mita guda daidai, ya ajiye.

Wata shawara kafin a fara gini: kada faɗin fangali ya wuce mita 1 ko mita 1 da santimita 20. Da haka hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, ba sai an taka ƙasar an danne ta ba.

Lissafin kansa

Ga ƙa'idar, a haddace ta:

Tsawo da mita, sau faɗi da mita, sau zurfi da santimita, sau 10. Abin da ya fito, lita ne.

Namu: 4 × 1 × 30 × 10 = lita 1,200.

Bara lita nawa muka zuba? Baronmu na cin lita 60, sau 10, lita 600. Rabi ke nan cif. Shi ya sa ƙasar ta tsaya a santimita 15, da ta sha ruwa ta koma 12.

Daga ina 10 ɗin nan ta fito? Malam bai yarda mu haddace ba tare da mun gani da ido ba. Ya sa muka yanki kwali muka haɗa ɗan akwati, tsawo santimita 10, faɗi 10, tsayi 10. Ya ce wannan ita ce lita. Haka aka ƙayyade ta a Faransa tun 1795, lokacin da aka kafa awon mita. In ka jera irin akwatin nan a fili mai mita 1 ta kowane gefe, layi 10 za ka yi, kowane layi akwati 10, duka 100. Wato zurfin santimita 10 a murabba'in mita guda lita 100 ne. Raba goma: kowane santimita guda na zurfi lita 10 ne. Shi ke nan sirrin.

In ka ci gaba da ɗora akwatunan har hawa 10, ka sami 1,000. Wannan shi ne abin da magina da 'yan lekol ke kira mita kub, kuma da shi masu kamyo ke sayar da yashi da tsakuwa. Lita 1,200 ɗinmu mita kub ɗaya ne da kashi ɗaya cikin biyar, a rubuce 1.2.

Wannan ƙa'ida ita ce dai ta ruwan sama. In rediyo ta ce an yi ruwa milimita 30, tana nufin kowane murabba'in mita ya sha lita 30. Parakou na samun wajen milimita 1,200 a shekara, wato kowane murabba'in mita na tsakar gidanku na shan kusan lita 1,200 daga farkon damina zuwa ƙarshenta.

Akwai kuskuren da kusan rabin ajinmu suka yi a ranar farko. Sun ce 4 × 1 × 30, suka sami 120, suka rubuta mita kub 120. Malam ya ce, "To, a kira kamyo mai ɗaukar mita kub 10 ya yi sawu 12, mu binne makarantar gaba ɗaya." Abin da ya faru, sun gwama mita da santimita ba su gyara ba. Mai son amsa da mita kub, dole zurfin ma ya koma mita: santimita 30 ita ce 0.3, sai a ce 4 × 1 × 0.3 = 1.2. Saboda gudun irin wannan ruɗu muka fi son ƙa'idar "sau 10".

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a littattafan Larabci. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekara ta 820, kuma a cikinsa akwai babin misaha, wato awon filaye da jikkuna. Za mu ari dabaru biyu daga wurinsa nan gaba kaɗan.

Ƙarin zama

Ƙasar da aka haƙo aka juye cike take da iska. In ta sha ruwa sai ta zauna. Taki ma yana ci gaba da ruɓewa yana raguwa. Tamu ta bara daga 15 ta koma 12, kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ke nan. Don haka bayan lissafi, a raba amsar gida biyar a ƙara gida guda.

1,200 ÷ 5 = 240. 1,200 + 240 = lita 1,440.

Wannan ita ce lambar da za a tafi da ita wurin mai kaya. Kuma ba a zuba ta rana guda. A zuba rabi, a yi ban ruwa, a bari ta kwana, a ƙara saura. Ɗan abin da ya rage a ajiye a inuwa, bayan mako biyu za a ga inda ya lotsa a cike.

Daga lita zuwa baro, bido da buhu

Ba wanda zai je ya ce a ba shi ƙasa lita 1,440. Dole a mayar da ita zuwa mazubin da ake da shi. Kuma kowane mazubi sai an auna shi, kada a yarda da "ai kowa ya sani".

Mu mun ɗauki bokiti, muka gwada shi da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi har muka sa alama a inda lita 10 ta tsaya. Sannan muka riƙa cika shi da ƙasa muna juyewa a baro. Bokiti 6 ya cika baron a shafe. Da tozo ya ci 8, amma tozon zubewa yake a hanya, kuma kowa da irin nasa. A shafe muka tsayar: lita 60.

Lita 1,440 a baro mai 60: sawu 24. A bidon mai na lita 25 da aka yanke wa kai: wajen 58, amma a sake auna shi, don yankan na rage cikinsa. A bokiti mai 10: sawu 144. Mu 24 ne a aji, bokiti shida-shida ke nan.

A kula da buhu. Abin da aka rubuta a jikinsa kilo ne, kilo kuwa nauyi ne, ba girman ciki ba. Buhun siminti mai kilo 50 cikinsa wajen lita 35 ne. Buhun shinkafa mai kilo 50 kuwa ya kai wajen 60. Nauyi ɗaya, ciki daban. Duk wanda ya taɓa auna mudun gero da mudun gyaɗa mai ɓawo a kasuwar Arzeke ya san wannan: mudu ɗaya ne, amma hannu ya san bambanci.

Sai tsibin da ya yaudare mu. Ga dabara ta farko daga babin misaha: abu mai faɗin gindi da tsinin kai, cikinsa sulusi ne kawai na abin da zai ci da a ce gefensa a miƙe yake kamar ganga. Tsibin bara faɗin gindinsa mita 2 ne, tsayinsa santimita 60. Filin gindin murabba'in mita 3.14. Sai 3.14 × 60 × 10 = 1,884, a raba uku, lita 628. Baro 10 da ɗan kai. Da mun san wannan, da tun a gaban mai ƙasa mun gane rabin buƙatarmu ce muke kallo. Mutumin bai cuce mu ba, mu ne ba mu tambayi kanmu nawa muke so ba.

Haɗin ƙasa

Sawu 24 ɗin nan ba duka ƙasa ba ce zalla. In ƙasar tudu ce mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a wajenmu, a yi kashi 2 ƙasa, kashi 1 ruɓaɓɓen taki: baro 16 da baro 8. In ta fadama ce, baƙa mai danƙo wadda ke tsagewa in ta bushe, a yi kashi 3 ƙasa, 2 taki, 1 yashi: a raba 24 gida shida, kowane gida 4, ya zama baro 12, da 8, da 4.

A ɗebo ƙasar sama, wadda ba ta wuce zurfin fartanya ɗaya ba. Jar ƙasar da ake fitowa da ita daga rijiya ko harsashin gini ba ta da abincin shuka. Taki kuma ya zama wanda ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina zafi da wari. Ɗanyen kashin shanu, balle na kaji, ƙona ƙananan shuka yake. Na juji ma yana yi, amma sai an tankaɗe an fitar da leda da kwalba, kuma a guji jujin da ake zubar da batir ko baƙin mai. A cuɗa komai a waje da shebur kafin a zuba, kada a jera hawa-hawa.

Mai son ƙarin bayani kan yin takin gargajiya, muna da wuraren tambaya kusa. Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, tana da sashen ilimin aikin gona. Cibiyar Songhaï, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985, tana da reshe a bayan garin Parakou. Ga kuma malaman gona na ATDA, ga tsofaffin masu lambu na fadamun gari, waɗanda in ka gaishe su da ladabi ba sa rowar sani.

Abin da 'yan Djougou suka kawo

Uku daga cikinmu 'yan Djougou ne, karatu ya kawo su nan. Da suka je hutu, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, suka ce za su gwada lissafin a gida. Suka dawo da tambayoyin da ƙa'idarmu ba ta amsa kai tsaye ba.

Ta farko, a gidansu ba bulo, sai wani kewayayyen siminti da ya rage daga ginin rijiya, faɗin bakinsa mita 1. Kakarta ta ce, "'Yar nan, in lissafinki na gaske ne, faɗa mini baro nawa wannan zai ci." Ga dabara ta biyu ta al-Khawarizmi: a ninka faɗin da'ira da kansa, a cire subu'i da rabin subu'i, abin da ya rage shi ne filinta. A lambobin yau, a ninka da 0.785 ke nan. Faɗi mita 1: 1 × 1 × 0.785 = 0.785. Zurfi 30: 0.785 × 30 × 10 = lita 236. Da ƙarin zama, 283, baro 5 ke nan da ɗan ragowa. Wanda ba ya son dogon lissafi ya ɗauka kamar abin mai kusurwa huɗu ne, ya sami 300, ya cire kashi ɗaya cikin biyar, ya sami 240. Bambancin lita 4 ne kacal.

Haka ake yi wa tsohuwar tayar mota. In an yanke leɓen sama, faɗin ciki ya zama santimita 60, zurfi 18: 0.6 × 0.6 × 0.785 × 18 × 10, wajen lita 51. Bido biyu ke nan. Ya isa tushen barkono ɗaya ko salak biyar.

Na biyu, bayan gidansu gangare ne. Da aka daidaita saman bangon, gefe ɗaya zurfin ya zama santimita 20, ɗaya gefen 40. Amsa: a haɗa a raba biyu, 30, a yi aiki da ita. Haka in faɗin ne bai daidaita ba, a ce nan mita 1.2, can 0.8, tsakiyarsu mita 1 ce.

Na uku, filin da ya samu a kusurwar katanga ne, ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Sai a ja layi a raba shi gida biyu masu kusurwa huɗu, a lissafa kowanne, a haɗa. A kula kawai kada a ƙirga kusurwar sau biyu.

Gargaɗi biyu

Ƙasa na da nauyi fiye da yadda ake zato. Lita guda ta kai wajen kilo 1.3, in ta jiƙe ta fi haka. Lita 1,200 ta haura tan ɗaya da rabi, nauyin buhun siminti fiye da 30. Wanda ke son fangali a saman bene ko rufin kankare, ya fara tambayar magini. Mai ɗaukar kaya a babur mai ƙafa uku ma kada a matsa masa ya kwashe sawu guda.

Na biyu, muna kusa da Najeriya, kuma maginan can da yawa har yau da ƙafa da inci suke awo, haka ma bidiyoyin Amurka da ake gani a waya. Ƙafa ɗaya santimita 30 ce da ɗan kai, inci ɗaya santimita biyu da rabi. A mayar da su mita da santimita tukuna, sannan a shiga ƙa'ida. Gwama awo biyu shi ne abin da ya kusa binne mana makaranta.

Yadda ta kasance bana

Bana ba daga farko muka fara ba, akwai santimita 12 ta bara a ciki. Saura 18 mu kai 30. 4 × 1 × 18 × 10 = lita 720. Ƙarin zama 144, duka 864. A raba da 60, ya ba da 14 da 'yan kai, muka ce 15. Da yake tsohuwar ƙasar ba ta da taki ko kaɗan, muka yi baro 8 taki, 7 ƙasa, muka kafce tsohuwar muka cuɗa su gaba ɗaya.

Da muka je wurin mai ƙasa, da takarda muka je, da bokitinmu. Muka auna baronsa, ashe nasa ya fi namu ƙanƙanta, bokiti 5 yake ci. Muka sake lissafi a gabansa: lita 420 a raba da 50, sawu 9 maimakon 7. Bai ji haushi ba, har ya ce mu rubuta masa ƙa'idar a bayan kwali.

Bayan mako biyu muka soka kara a tsakiyar fangali muka auna: santimita 30 da ɗan kai. Karotin bana ya kai tsawon tafin hannu. Tumatir ya tsallake Maris da ban ruwa sau ɗaya da yamma. Abin da muka sayar ya mayar da kuɗin bana, saura na bara muke bi.

Ku gwada da kanku

1. Fangali mai tsawon mita 2, faɗin santimita 80, zurfin 25, duka awon ciki. Baro nawa mai lita 60 zai ci, har da ƙarin zama?

2. Fangalin bulo mai kaurin 15, daga waje tsawonsa mita 3 da santimita 30, faɗinsa mita 1 da santimita 50, ana son zurfin 20. Bido nawa mai lita 25?

3. Kewayayyen siminti mai faɗin baki santimita 80, zurfin 40. Baro nawa?

Amsa: na ɗaya lita 480, baro 8. Na biyu lita 864, bido 35. Na uku wajen lita 240, baro 4. Wanda ya sami wata amsa daban ya duba ko ya manta kaurin bango, ko ya gwama mita da santimita.

Muna godiya ga malaminmu na hisabi, da baban da ya jera mana bulo, da Baba mai lambu da ya yi mana dariyar da ta amfane mu, da iyayenmu mata da suka sayi salak ɗinmu ko da na kasuwa ya fi shi girma. Duk wanda ke son gina fangali a gida, ya auno tsawo da faɗi da zurfi daga ciki, ya zo bayan aji ranar Alhamis, za mu yi lissafin tare. Tef ɗin da bokitin suna nan a ajiye.